Tambayar Tabawa Ba Gumi

Tun da aka kafa dokar gumi, zauren taimako na intanet ya daina karɓar tambayar wanda bai wahala ba. Firjin Tabawa ya mutu, ga allurar ciwon sugan mijinta a ciki. Ta rubuta, "Firjina ya mutu, ku taimaka."

Wayar ta ce, "Ba a ga gumi ba."

Ta ƙara da sallama da gaisuwar iyali, aka sake ƙi.

"Yaya, ba gaisuwa suke so ba," in ji maƙwabciyarta Kande. "Gumin yatsa suke aunawa."

Tabawa ta tsaya a rana har ta jiƙe sharkaf, ta dangwala yatsa a wayar. Tambaya ta shiga.

Can sai ga amsa: "Ni ma haka nawa yake yi."

Ta dubi Kande. "To shi wannan, wa ya auna nasa gumin?"