Tarin Baba Mai Feshi

Ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba, amma a garejin fentin motocin nan an yi mamacin da ya ci gaba da tari bayan an binne shi.

Baba Mai Feshi ne mamacin, kuma shi ne na uku da ciwon ƙirji ya ɗauke a ɗakin feshi. Ɗakin ba taga, don kada ƙura ta ɓata fenti. In an kunna inji, hazon fenti kan cika shi har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Dokar maigidan garejin ɗaya ce: wanda aka ji yana tari, sai a ce ya je gida ya huta. Kafin ya gama hutawa an ba wani gurbinsa.

Ba a daɗe da gama zaman makoki ba aka fara jin tarin daga bayan gangunan fenti. Irin na Baba sak: busasshe, mai jan numfashi, da ɗan fito a ƙarshensa. Dogo mai gyaran bodi ya yar da guduma ya fita ba takalmi. Wasu suka daina shiga ɗakin su kaɗai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gudu ba, wato Aku. An sa masa sunan ne don ba muryar da ba ya kwaikwaya, kuma kwaikwayon muryar shugaban makarantarsu ne ya raba shi da karatu. Shi ke sa wa mutane giris a takalmi. Shi ke cika baki cewa huhunsa na ƙarfe ne, sa takunkumin rufe hanci sai ragwaye. Duk sanda aka ji tarin, jim kaɗan sai ga Aku ya ɓullo ta ƙofar baya, yana goge baki da wani jan ƙyalle da ya soma yawo da shi.

"Lafiya, Dogo? Ko Baban ne ya zo karɓar bashin gudumarsa?"

Abin ya daina ba da dariya ranar da ya kai kunnen matar Baba. Tana sayar da abinci a bakin garejin, da shi take ciyar da marayu. Ta shigo karɓar kwanuka, tarin ya tashi, kwanukan suka zube daga hannunta. Dogo ya ga haka, zuciya ta ɗebe shi, ya kutsa bayan gangunan. Ya fito riƙe da wuyan rigar Aku.

Aka taru a tsakar gareji.

"Kai ne?" in ji maigida.

Aku ya dubi maigida, ya dubi ƙofar fita. "Ni ne. Wasa nake."

"Da mamaci? Mutumin da ya koya maka riƙon bututun feshi?"

Aka yi masa caa. Wani ya tofar da yawu. Aku, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya sunkuyar da kai yana murza ƙyallensa. Maigida ya yanke hukunci: ba zai kore shi ba, don hannunsa na da kyau a fenti, amma sai ya durƙusa ya nemi gafara a gaban kowa.

Ya durƙusa. Tsakaninsa da matar nan ba ta taɓa hana shi ƙarin miya ba, yanzu ko ƙafarta ya kasa duba.

"Inna, ki yafe..."

Bai ƙarasa ba. Tarin ya ƙwace masa, busasshe, mai jan numfashi, har da fiton. Ya toshe baki da ƙyallen, kafaɗunsa na rawa.

"Kun ga ɗan banza, a gabanta ma," in ji Dogo, ya ɗaga hannu.

"Sauke hannunka, Dogo," in ji matar Baba. Ta durƙusa kusa da Aku, ta ɓamɓare yatsunsa daga ƙyallen a hankali, ta duba, ta ninke shi.

"Ɗan nan, tun yaushe? Babanku ma da ya soma tofar da jini, jan ƙyalle ya saya don kada in gani."