Matar da Ta Auna Duniya da Makka

Ke ƙanwata, tunda na ga kin kasa zaune kin kasa tsaye saboda tafiyar 'yarki, bari in ba ki misali. Ni ma mai fargabar ce, kin sani.

Akwai wata mata mai daddawa, ɗanta ya samu karatu a Ostareliya. Ita dai abin da ta sani na nisa shi ne Makka, don maƙwabciyarta ta je Hajji ta faɗa mata daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne a jirgi. Sai ta ƙudurta a ranta cewa ko ina ɗan zai je ba zai wuce haka ba, yo ina kuma ya fi Makka nisa? Da hantsi jirginsa ya tashi, ta yi alkawari tsakaninta da Allah ko ruwa ba za ta kurɓa ba sai ta ji muryarsa. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, awa biyar ta cika har ta gota, waya shiru. Ta bar kalwa a kan wuta ta koma bakin ƙofa tana cewa shi ke nan jirgi ya ɓata. Mata suka taru suna ba ta baki, ta ƙi ko kallon kwanon tuwo.

Rana na shirin faɗuwa sai ga waya. Ya ce, "Inna, mun sauka a ƙasar Larabawa, awa bakwai muka yi." Ta yi hamdala ta miƙa hannu ga moɗa. Sai ya ce ai wannan zango ne kawai, yanzu zai hau wani jirgin, awa goma sha huɗu ba sauka, kilomita dubu goma sha biyu da ɗoriya, yawancinsa bisa teku. Ta ajiye moɗar ta ce, "Ɗan nan, duniyar har yanzu ba ta ƙare ba?" Da ya ji tana cewa ba za ta ci komai ba sai ya isa, ya ce mata in ba ta ci abinci ba, shi ma ba zai taɓa na jirgi ba. Dole ta ci, tana ci tana tasbihi, tana tunanin gida guda na ƙarfe cike da mutane, rataye a sama ba igiya ba ginshiƙi, yini ya wuce, kwana ya wuce.

Washegari da hantsi ya kira ya ce ya isa lafiya, su can har sun yi magariba. Ta ɗaga kai ta dubi rana tsaye a kan dangarta, ta ce, "Allah mai girma."

To ke ma tashi ki ci abinci, kada ki auna hanyar 'yarki da iyakar inda kika sani. Ai masu iya magana sun faɗa: komai nisan gari, akwai wani a gabansa.