Ƙosai Mai Girman Kwalekwale

Tun ranar da aka tare Sharfuddeen a hanyar Tsamiya, yana dawowa daga kasuwar masara, ba a kwance masa ƙyallen idonsa ba. Shugaban masu garkuwar ya faɗa masa dokarsu ƙiri-ƙiri: duk wanda ya gane ɗayansu, ba ya komawa gida. Sharfuddeen kuwa ba ya neman sanin kowa. Gida yake so.

Mai tsaronsa bai taɓa cewa uffan ba. Warin fetur ne ke sanar da zuwansa, irin na masu tsallakar da jarkoki zuwa Benin. Kullum ta hagu yake ajiye masa ruwa, abin da ya yi wa Sharfuddeen daɗi, don hannunsa na dama ya daɗe da shanyewa.

Yunwa ta fi dukan da suke masa ciwo. Da ta kai masa iya wuya, sai ya koma ga wasan da ya ƙirƙiro shekarar da kogin Kwara ya cinye musu shinkafa, lokacin ɗansa Sadisu na ƙarami, tukunya kuma babu komai. Yakan zayyana wa yaron wani abinci na ƙarya, ya tambaye shi wa zai cinye, yaron ya ba da amsarsa guda ta kullum, wadda ko uwarsa ba ta sani ba. Yanzu Sadisu magidanci ne, yana can Segbana ta ƙasar Benin yana neman na kansa. Gara ma da bai ga ubansa a haka ba.

Sai ga dattijo ɗaure a gindin kirya, yana soya iska a bainar masu bindiga. Masa mai faɗin da za a rufe kasuwar Bagudo da ita idan hadari ya taso. Ƙuli-ƙulin da tirela ke ratsa tsakiyarsa. Dakuwa mai girman rumbu, sai da tsani ake gutsurarta. Suna ta dariya, sun ce tsoho ya zare. Mai tsaron ne kaɗai ba a jin tasa dariyar.

Wata rana da hantsi shugaban ya zo ya tsaya a kansa, ya ce an daidaita da danginsa, da la'asar za a sake shi. Daɗi da zazzaɓi suka haɗu suka kwance wa Sharfuddeen baki.

"Yau ƙosai za mu yi," in ji shi, "mai girman kwalekwale. A cika Kwara da man gyaɗa, masunta su juya shi da gorar tuƙi. To, wa za ya canye shi?"

Shugaban na tsaye, yana jin komai. Daga hagu, inda warin fetur yake, wata murya ta kuɓuce wa mai ita tun kafin ya kama ta:

"Ni da Baba, mu rage ma Inna ɓawon."