Tiyon da Aka Ɗaure da Waya

Shekara tara Kaifi ta yi a kan injin matse kan waya, a wani kamfani mai haɗa wayoyin firji. Bakinta ne ya jawo mata wannan suna a wurin abokan aiki. Aikin ba wuya: ka zura ferarriyar waya cikin ɗan kan ƙarfe, ka sa tsakanin haƙoran injin, ka taka feda, iska ta harbo, ƙas, sun zama ɗaya. Da kanta take haɗa injinta, kuma ba ta taɓa kai hannu kusa da haƙoran nan ba sai ta cire tiyon iska.

Sai mahaɗin tiyon ya lalace. Maimakon a sayo sabo, abin da bai taka kara ya karya ba, shugaban layi ya cusa tiyon ya naɗe shi da waya tamau. Daga ranar ba ta da hanyar raba injinta da iska sai an kashe kwamfuresa, babban injin da ke ba kowa iska, layi duka ya tsaya. Sau uku tana kai kuka. A na ukun ya ce in tsoro take ji, ga mata can cike a bakin ƙofa suna neman aiki. Sauran matan layin suka sunkuyar da kai, wai su ba ruwansu.

Ranar da aka kawo waya mai kauri, dole a canza haƙora. Ta ce a kashe iska. Shugaban layi ya ce mota na jiran kaya, aikin minti biyu ne, ta janye ƙafarta daga feda kawai. Ta tuna 'ya'yanta biyu, ta kai hannu wurin haƙoran. Tana cikin kwance noti, kwalin wayoyi ya sulluɓo daga tebur ya faɗa kan feda. Babban yatsanta na dama ya tafi, manuni ya murƙushe.

Kwana biyu sai ga manaja a asibiti, shugaban layi na biye da shi, da ledar lemo da takarda. Takardar ta ce sakacinta ne. In ta amince, aikinta na nan yana jiranta. Yayarta da ke jinyarta ta yi ta yi mata magiya ta rufa wa kanta asiri ko don yaran. Da manaja ya ga ba ta iya riƙe biro, sai ya zaro tawada, ya ce ta dangwala. Rashin kunyar har ta kai nan!

Kaifi ta ɗaga hannunta mai bandeji.

"Da wanne zan dangwala, ranka ya daɗe? Wanda kuke nema na baro shi a injinku."

Shugaban layi ya ce ai na hagu ma ya yi.

"Na hagu shi ya rage min, kuma ba zan yi ƙarya da shi ba. Ku kwashe lemonku."

Aiki dai ya tafi. Ranar da aka sallame ta daga asibiti ko gida ba ta je ba, ta wuce ofishin ƙwadago, yayarta na riƙe mata jaka tana kuka. Kafin masu bincike su iso, an canza mahaɗin cikin minti goma. Har yau 'yarta ce ke ɗaura mata ɗankwali.

Mai karatu, kada ka sa hannu a injin da iskarsa ke haɗe, ko wa ya ba ka umarni. Ka ƙi tun yatsunka na cike, kuma in abokin aikinka ya ƙi, ka tsaya tare da shi.