Sifili a Allon Injiniya

Sifili ya fito a allon kwamfuta, Injiniya ta matso ta ƙura masa ido. Saƙon ya iso babu kuskure ko ɗaya.

Ta daɗe tana wannan fama. Saƙon da ake turawa da haske ta cikin zaren gilashi yakan dagule idan tafiya ta yi nisa, na'urar da ke warware shi kuma tsada gare ta. Ita kuwa ta dage cewa ƙaramar na'ura mai araha ta isa, muddin an haɗa ta da manhaja mai koyo. Kullum ita da abokin aikinta Dogo suna tura wa manhajar saƙon gwajinsu, tana gyarawa, tana koyo. Shugaban kamfani ya gaji. Ya ce in yau bai ga sakamako ba, zai rufe ɗakin gwajin.

"Dogo, ƙaro nisa!"

Ya jona wani naɗin zaren. Sifili. Ya ƙara wani. Sifili dai.

"Yaya, wallahi mun zama manya! Daga yau sai da izini za a gan ni," in ji Dogo.

"Ɗaure takalminka tukuna, babban mutum."

Don tsabar ɗoki ya lanƙwasa zaren da gangan, abin da kan rage ƙarfin haske. Sifilin ko gezau. Injiniya, wadda ba a taɓa jin dariyarta a ofis ba, ta rangaɗa guɗa har ma'aikatan ɗakin kusa suka leƙo. Dogo ya kama rawa da kujera.

Shugaba ya shigo fuska a murtuke, ya fita baki har kunne. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce ɗaki ya zama nasu, gobe ma zai kawo masu saye su gwada da nasu saƙon.

Ta kira mijinta ta ce kada a ɗora tukunya, yau a waje za su ci, har da yara. Ta kira mahaifiyarta, ta kasa magana don dariya.

Tana 'yar waƙa ta zagaya bayan tebur don ta kashe fitilar da ke tura hasken. Ta taɓa ta, ta ji ta sanyi ƙalau. Tun safe babu wanda ya kunna ta: manhajar ta haddace saƙon gwajin ne, tana ta karanto musu da ka.