Kwanar Mai Faci

Auta tana cikin ɗaure wa wani dattijo rauni a ɗakin jinya sai wayarta ta yi ƙara a aljihu. Sai da ta sallame shi, ta wanke hannu, sannan ta duba. Saƙo ne daga manhajar hukumar birni: "Mun gode. An yi kunnen doki, ƙuri'arki ce ta raba gardama. Za a gina tashar bas a kwanar layinku."

Ta nemi kujerar marasa lafiya ta zauna.

A wannan kwanar yayanta yake faci tun tana firamare, da injin iskarsa mai tari kamar tsoho, da bahon ruwan da yake tsoma taya don neman huda. Da sana'ar nan ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, har ta sa farin kaya ta zama ma'aikaciyar jinya.

Yanzu zamani ya zo da sabon salo, hukuma ba ta dasa ko fitila sai ta tambayi mutanen unguwa ta waya. Tambayar wannan karon gajeriya ce: a gina tasha mai rumfa da allon nuna lokacin isowar bas a kwanar, ko a bar wurin yadda yake? Yaya da kansa ya miƙo mata wayarsa mai fasasshen gilashi ya ce ta sa masa manhajar. Ta sa, har ta nuna masa inda zai danna "A bari".

Ita kuwa ga tsohon ciki, ga ƙafa a kumbure, kullum sai ta taka har babban titi kafin ta sami mota. Wata safiya ruwan sama ya yi mata dukan kawo wuƙa. Ta dawo daga aikin dare jiƙe sharkaf, ta wuce ta gaban yaya tana jan ƙafa, shi kuma ya bi ta da ido. Tana shiga ɗaki ta ɗauki waya ta danna "A gina". Ta lallashi zuciyarta cewa ƙuri'a ɗaya ba ta hana komai, ba ta sa komai.

Da sakamakon ya fito, hukuma ta ba yaya wani lungu a bayan kasuwa, inda ko keke ba ya bi sai ya ɓata hanya.

Tun daga ranar saƙon abinci ya daina yi mata daɗi. Mijinta ya ɗauka laulayi ne ya dawo, yana ta tsokanarta wai ɗan nan tun bai zo ba ya fara mulki. Ta canja hanya don kada ta bi ta kwanar. In yaya ya kira yana tambayar jiki, sai ta amsa a gurguje ta ce ana nemanta.

Ranar tashin yaya dai ba yadda ta iya, dole ta je. Ta tarar da rabin layin a wurin. Mai shago ya saɓa injin iska shi da tela, mai wanki yana tara tsofaffin tayoyi, har wata maƙwabciya da ba ta gaida kowa ta kawo ruwan sanyi. Kowa yana aiki kansa a ƙasa, ba mai haɗa ido da wani. Auta ta ce a ranta shi ke nan, sun sani, kunyarta suke ji.

Yaya kuwa ko a jikinsa. Yana naɗe tiyo yana raha, wai a sabon wuri zai huta da hayaƙi. Da ya hango ta sai ya goge benci da hular kansa.

"Zauna, Auta. Wa ya ce ki fito da wannan ƙafar?"

Wannan kirkin shi ya ƙarasa ta. Da ya zage ta ma da ta fi samun sauƙi. Ta zauna, hawaye suka riga maganar fitowa.

"Yaya, ni ce. Ni na ci amanarka. Ni na kore ka daga nan."

Ta buɗe saƙon ta miƙa masa. Ya goge baƙin mai a jikin wandonsa, ya karɓa, ya nisantar da wayar daga idonsa yana karantawa a hankali, leɓensa yana motsi. Ta sunkuyar da kai tana jiran duk abin da zai fito daga bakinsa.

Sai ta ji ya yi 'yar dariya.

"Share hawayenki, Auta, abin nan maƙaryaci ne. Ni ma da na danna 'A gina', haka ya rubuto min."