Kazar Mai Ɗori

Ranar da kazar ta taka ƙafarta, tsohuwar ta ce lokaci ya yi da ɗanta zai tashi.

Ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Ya faɗo daga kan tarago, ƙashin diddigensa ya farfashe, aka yi masa aiki a asibiti. Likita ya gargaɗi matarsa cewa in ya taka da wuri ɗinkin zai buɗe, ciwon ya ruɓe har ƙashi, ƙila a yanke ƙafar. Uwarsa kuwa ta ɗauko mai ɗori daga ƙauye. Ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ce ran da ta taka, mai ciwon ma ya taka.

"Mama, wurin har yanzu yana ruwa," in ji matar.

"Ke kika haife shi? Kin kai shi an yanka kamar akuya, kin kwantar mini da shi kamar gawa. Gobe sai ya zaga gidan nan."

Mijin ya juya fuska bango. Bai taɓa yi wa uwarsa musu ba.

Da la'asar tsohuwar ta tafi zumuntar mata a coci. Matar ta ɗebi acca, ta zaga bayan kicin tana kiran kaza.

Da safe tsohuwar ta tarar da kazar kwance, ƙafa na lilo. Ta daɗe tana kallon matar ɗanta.

"Ashe ba ta warke ba, Mama," in ji matar, tana goge taɓarya. "Sai mu ƙara jira."